Kaji a Gidan Adda

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Sharfuddeen a Kazaure, kuma katangar gajera ce. Don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne. Wani da idona na gani, wani kuma ina tsaye ina shanya ya shigo kunnena. Sunana Jannatu, sana'ata haɗa turaren wuta da humra, kuma sana'ar ce ta jefa ni cikin maganar nan ba tare da na nema ba.

Adda Rahamatu ita ce mahaifiyar Sharfuddeen. Bafulatana ce doguwa daga wani ƙauye a bayan duwatsun Roni, irin tsofaffin nan da sai ka yi ta roƙo kafin su ɗauki loma ɗaya a gidanka. Ambaliya ta rushe ɗakinta, ta tafi da rumbu da 'yan awakinta, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gari. Ya ce ta ɗan zauna kafin a gama gidajen da ake gina wa waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna.

Gidajen nan aikin haɗin gwiwa ne. Gwamnati ta ba da fili, wani kamfani ya gina, wani banki na ƙasar waje ya ba da lamuni. Sunan da aka rubuta a allo dogo ne, babu mai iya riƙe shi, mutane suka sa wa wurin Jan Kwano. Sharfuddeen shi ne jami'in da ke tsakanin hukuma da kamfani, wato shi ke zuwa ya duba ya ce aiki ya yi ko bai yi ba. Layin farko, na bakin titi, an gama shi tsaf, da fenti da famfo da tagogin ƙarfe. Layukan baya ko ƙyaure babu. Duk da haka ya ce aiki ya kammala, kuma gida na farko a layin farko ya fito da sunan Adda.

Inda ya ajiye ta a gidansa kuwa sito ne, ɗakin ajiya da ke manne da makewayi. A nan ake tara gawayi da buhunan abincin kaji, domin matarsa Sadiqa tana kiwon kajin gidan gona. An ture buhunan gefe, an shimfiɗa mata tabarma da wata katifa da yara suka gama yayinta. Ɗakunan ƙwarai uku ne a gidan: na Sadiqa, na yara, da falon da maigidan ke karɓar 'yan kwangila.

Sharfuddeen ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Adda ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana wurin. In za ta ambace shi sai ta ce "shi wancan". Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Adda yake cewa kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Wannan kunya ita ce adonta, kuma shi ya san da haka sarai.

Nakan leƙa in gaishe ta da hantsi. Wata rana na tarar da ita tana tsince wake a bakin siton.

"Adda, ina kwana? Na ji an ce an raba makullan Jan Kwano."

"Haka na ji, 'yar nan. Shi wancan ya ce sai an jona wuta."

"Wuta kuma? Ke da kika shekara sittin da aci-balbal?"

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. "To, su suka san aikinsu."

Aka jona wuta. Sai aka ce ruwan famfon bai fara zuwa ba. Ruwa ya zo, sai aka ce wurin babu tsaro. Uzuri dai ba ya ƙarewa a bakin mai son ƙin abu. Ita kuwa kullum ƙullin kayanta a ɗaure yake a gefen katifa, ba ta taɓa kwance shi gaba ɗaya ba, wai kada ranar tashi ta ɓata wa mutane lokaci.

Ranar wata Talata Sadiqa ta shigo gidana da sassarfa.

"Maman Mamuda, turare nake so mai yawa, mai ƙarfi, irin wanda ke kama labule. Kuma don Allah ki zo da kaskonki ki turara mana da kanki, ni hayaƙi yana tayar mini da asma."

"Biki za a yi?"

"Baƙi za su zo ganin gidan Adda."

Wallahi farin ciki ya kama ni. Na ce ashe rana ta zo. Na ɗebi turaren da na fi ji da shi, muka shiga adaidaita muka nufi hanyar Roni.

Tun daga bakin ƙofa wari ya mare ni. Gidan Adda, ɗaki biyu da falo, cike yake da kaji. Farare, masu ƙiba, ɗaruruwa, suna ta ƙurƙur a kan ɓuntun shinkafa. An rataya musu ƙwan lantarki a kowane ɗaki don su ji ɗumi, ga mazubin ruwansu an jona da famfo. Rilwanu, yayan Sadiqa, da wasu maza biyu suna cusa su cikin kwanduna suna kai wa kangon layin baya. Na tsaya riƙe da kasko kamar an dasa ni.

"Sadiqa, mene ne wannan?"

"Ke dai hura gawayi, lokaci na tafiya."

Aka kwashe ɓuntu, aka kankare kashin kaji, aka wanke daɓe da omo. Wata motar ɗaukar kaya ta kawo gado da katifa mai laushi da labule da jeren kwanuka, duk na ɗakin Sadiqa. Ni kuma na bi lungu-lungu da hayaƙi, zuciyata tana tafasa, ina gaya wa kaina ai ƙila daga yau an kwashe kajin ke nan. Mutum yakan yaudari kansa in abin da ya gani ya fi ƙarfin hankalinsa.

Can sai ga motar Sharfuddeen. Ya buɗe wa Adda ƙofa da kansa. An sa mata sabuwar atamfa da mayafi mai ruwan toka, har da takalmi. Aka zaunar da ita a bakin gado. Ta dubi silin, ta dubi taga, ta miƙa hannu ta shafa bango a hankali kamar mai shafa bayan jariri.

"Jannatu," ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "ko ɗigo ba zai shigo nan ba."

Baƙi suka iso cikin motoci masu baƙin gilashi. Alhaji Maikasuwa, manajan kamfanin, yana gaba yana nuna musu famfo. Malam Daudu, dattijon da ke wakiltar hukuma, yana biye da carbi. Aka tambayi Adda ko tana jin daɗin gidan. Ta sunkuyar da kai domin ɗanta yana tsaye a kanta.

"Kunya take ji," in ji Sharfuddeen yana dariya. "Kun san iyayenmu Fulani. Kullum addu'a take yi muku."

Aka ce ta ɗago ta yi murmushi, aka ɗauki hoto. Ko shayi bai huce ba suka koma motocinsu.

Ƙarar motar ƙarshe ba ta gama ɓacewa ba Sadiqa ta fara zare labule. Rilwanu ya zo ya tsaya a kan Adda yana jiran ta tashi ya ɗauke katifa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ta gane, na kuma ga lokacin da ganewar ta sauka a fuskarta. Ba ta yi kuka ba.

"Azahar ta yi," ta ce. "Ku bari in yi salla a nan."

"Haba Adda," in ji Sadiqa, "kaji suna can cikin rana, kangon ba rufi. In suka fara mutuwa wa zai ɗauki asarar? Kya yi a gida."

A gida kuma Sadiqa ta karɓi atamfar da mayafin ta ninke ta sa a akwati, wai kada gawayi ya ɓata su kafin zuwan wasu baƙin.

Da yamma na tare Sharfuddeen a soro. Ban saba tsayawa da mazan mutane ba, amma ranar na tsaya.

"Baban Sadiyya, ka ji tsoron Allah. Kaji a ɗaki mai silin, mahaifiyarka a sito?"

Bai ko ɗaga murya ba. Irin mutanen nan ne masu magana a sanyaye, ko zagi suke yi sai ka ɗauka nasiha ce.

"Maman Mamuda, na gode da kulawa, amma ki duba. In na kai tsohuwa bakin daji ita kaɗai, gobe ku ne za ku ce na kori uwata daga gidana. Gida kuma in ba kowa a ciki lalacewa yake, ɓarayi su cire tagogi. Kajin nan gadi suke yi mata. Kuma da me kike tsammani ake sayen maganinta?"

"To ka ba ta falonka."

"Falon da nake ganawa da manyan mutane? Ke ma kin san ba zai yiwu ba. Ita ta kawo miki ƙara?"

"Ka san ba za ta taɓa kawowa ba."

"To kin gani," ya ce, ya gyara hularsa ya wuce masallaci.

Na gaya wa maigidana, Muhammadu Lawal. Ya same shi bayan sallar Magariba ya yi masa magana ta hankali. Ya dawo yana girgiza kai, ya ce mutumin ya rantse kafin damina zai mayar da ita gidanta na Jan Kwano, ya kuma ce in rage shiga sha'anin gidan mutane.

Damina ta sauka, ba a mayar da ita ba. Kwanon siton duk huji ne, ƙasan kuma yana tsattsafo da ruwa daga makewayi. In hadari ya haɗo sai Adda ta jera roba da tsohuwar tukunya da gwangwani a inda ke ɗiga, ta naɗe katifa, ta hau kan buhun gawayi ta takure har a ɗauke. Tari ya kama ta. Tun ina jin sa jefi-jefi ta kan katanga har ya zama ba ya tsayawa, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Wata safiya na ji Sadiqa tana ta faɗa a tsakar gida, wai ruwa ya jiƙa abincin kaji, buhu biyu sun yi funfuna. Na ce to, yau dai dole a gyara rufin nan. Ashe ban san su ba. Kafin azahar an kwashe buhunan abincin kajin kaf, an jera su a bayan kujerun falo inda yake a bushe. Aka bar Adda da gawayi.

Na ce da Sadiqa ko ɗakin yara ne a sa ta.

"Da wannan tarin? Ki rufa mini asiri, Maman Mamuda. In ta shafa wa Sadiyya fa? Kuma ita ma ta fi sakewa a can, kin san ba ta son haɗuwa da babansu."

Na ce da Adda ta dawo gidana, ina da ɗaki. Ta riƙe hannuna, tafinta zafi rau.

"In na kwana a gidanki, 'yar nan, gari zai ce me game da shi wancan? Bari dai. Kwana nawa ya rage mini?"

Haushi ya kama ni, har da ita. Ana cutar ta tana tare wa mai cutar ta rana. Amma me zan ce da matar da aka raina a kan cewa rufin asirin ɗa ya fi lafiyar jikinta?

Sau biyu aka sake yin wasan baƙin nan a cikin daminar. Na ce ba ni ba turara gidan, Sadiqa ta sayo na kasuwa. Kowane zuwa a fito da atamfa, a kwashe kaji, a kai gado, a dawo da tsohuwa sito. Atamfar da ta zauna mata daidai a farko yanzu sai an naɗa ta sau biyu. Hotonta na farko kuwa an buga shi ƙato a allon bakin titi, tana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa ta samu matsuguni.

Zuwa na ƙarshe shi ne babba, domin bankin da ya ba da lamuni ne ya aiko mai bincikensa kafin a rufe aikin. Ranar Adda ba ta iya miƙewa ita kaɗai. Ta ce ba za ta shiga mota ba sai da ni, dole suka ƙyale na bi su. Na zaunar da ita a bakin gadon aro, na zauna a bayanta ta jingina da ni. Ina jin numfashinta yana ƙugi.

Mai binciken saurayi ne mai gilashi, Muhammad Auwal, daga Abuja. Bai bi Alhaji Maikasuwa wajen famfo ba. Ya shiga kicin ya daɗe yana kallon bango, fari fat, babu alamar an taɓa hura wuta. Ya fito ya duƙa ya zaro wani abu daga ƙarƙashin ƙyaure. Gashin kaza ne. Ya zo ya durƙusa a gaban Adda.

"Sannu Mama. Ya jiki? Ni jikanki ne, ki gaya mini gaskiya. A nan kike kwana?"

"Kunya take..." Sharfuddeen ya fara.

"Ranka ya daɗe, ita na tambaya."

Na ji bayan Adda ya ƙame a jikina. Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da gefen mayafi. Sannan ta ɗago kai, ba wajen baƙon ba, wajen ɗanta. Ban taɓa ganin ta kalle shi ido cikin ido ba sai ranar.

"Ban taɓa kwana a nan ba," ta ce. "Ko salla ban taɓa yi a nan ba. Kaji ke kwana. Sharfuddeen ne ya zuba su. Sharfuddeen."

Malam Daudu ya saki carbinsa ya faɗi ƙasa. Sadiqa ta dafe ƙirji. Ni kaina na ji sunan ya fito daga bakinta baƙo, kamar ba ta san yadda ake furta shi ba. Na ce a raina yau ƙarya ta ƙare.

Muhammad Auwal ya miƙe ya juya wajen manajan kamfani. "Alhaji, ka ji?"

"Na ji, kuma abin ba daɗi," in ji Maikasuwa. "Amma mu gini aka ce mu yi. Mun gina, mun miƙa wa hukuma makulli. Yarjejeniyarmu a bakin ƙofa ta tsaya. Wanda ke kwana a ciki, ko mutum ko kaza, ba hurumin kamfani ba ne."

"Malam Daudu?"

Dattijon ya duƙa ya ɗauki carbinsa. "To, mu ma dai hukuma mun miƙa wa iyalin mai gida, ta hannun jami'inmu."

"Jami'in naku shi ne ɗanta."

"Shi ya sa muka ga babu wanda ya fi shi cancanta. Abin da ya biyo baya kuma maganar cikin gida ce. Hukuma ba ta shiga tsakanin uwa da ɗa."

Sai Sharfuddeen ya ciro hankici ya share ido, ya matso ya durƙusa kusa da gadon.

"Na so in rufa mata asiri, amma tunda abin ya fito, shi ke nan. Tun farkon damina Adda ta fara ruɗewa. Tsufa ne. Wani lokaci ta ce awakinta na kuka a ƙarƙashin gado. Baba Daudu, kai dattijo ne, ka san mutanenmu. Ni ne ɗanta na fari. Ka taɓa jin Bafulatana mai cikakken hankali ta kama sunan ɗan farinta? A gaban maza? Har sau biyu?"

Malam Daudu ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Gaskiya ne. Wannan kam ba a cikin hayyacinta take ba. Allah ya sa mu gama lafiya."

"Amin," in ji Maikasuwa da sauri.

"Ƙarya ne!" na ce. "Hankalinta ya fi na kowa a ɗakin nan. Ku zagaya layin baya ku ga kajin da idonku!"

"Kajin Rilwanu ne, a kangon da ba kowa," in ji Sadiqa. "Iska ce ke kawo gashin. Ke kuma tun da na daina sayen turarenki kike neman mu da sharri."

Muhammad Auwal ya dubi gashin kazar da ke hannunsa, ya dubi Adda, ya dubi agogo. Na ga yana so ya yarda da ita, na kuma ga yana lissafin wahalar da yardar za ta jawo masa.

"Ni ma kakata ba ta kiran sunan babana," ya ce a hankali. "To. Ni abin da aka aiko ni in tabbatar shi ne gini yana nan, da rufi da ruwa da wuta. Suna nan. Sauran zan ambata wa na gaba da ni." Ya saki gashin ya faɗi. "Allah ya ba ki lafiya, Mama. A riƙa kai ta asibiti."

Shekara arba'in da wani abu tana riƙe da sunan nan a bakinta. Shirunta ya yi masa rumfa, ranar da ta yi magana kuma maganar ta zama shaidar hauka. Ta kowace fuska shi ya ci.

Daga ranar aka sa wa siton kwaɗo ta waje, wai kada ta fita ta ɓata ko ta je tana faɗa wa mutane shirme. Sadiqa ta hana ni shiga gidan. Amma siton yana da 'yar taga da ke kallon lungunmu, ta nan nake miƙa mata koko da safe. Sai ta daɗe kafin ta iya jawo jiki ta karɓa.

"Adda, sun ce kin ruɗe."

"Na ji su." Ta kurɓi kokon kaɗan. "Hankalina ɗaya, Jannatu. Na san abin da na faɗa. Ɗa ake jin kunya. Na duba ɗakin nan ranar, ban ga ɗa ba."

Ba ta ƙara cewa "shi wancan" ba. In ya buɗe kwaɗo ya leƙo, ina ji ta kan katanga. "Sharfuddeen, ja ƙofar, iska." "Sharfuddeen, ruwa." Haka kawai, kamar yadda za ka kira mai sayar da itace. Shi kuma ya fito yana ce wa duk wanda ke kusa, "Kun ji ko? Abin sai addu'a." Amma na lura ya daina leƙawa.

Ranar wata Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka tsagaita na je tagar da kofi na yi sallama, ba a amsa ba. Na leƙa. Tana zaune a kan buhun gawayi, ta jingina da bango, ƙullin kayanta a kan cinya don kada ya jiƙe. Robar da tukunyar duk sun cika sun tumbatsa. Na kira ta har muryata ta dushe. Sai da aka nemo Sadiqa daga gidan kitso kafin a samu makulli.

Aka yi mata sutura aka kai ta kafin la'asar. Da aka dawo sai Sharfuddeen ya sanar cewa zaman makoki a Jan Kwano za a yi, a gidan marigayiya, domin mutanen kamfani da na hukuma za su zo gaisuwa. Rilwanu ya tafi da kwanduna.

Sadiqa ta shigo gidana idonta jawur, ta ce a manta da abin da ya wuce, mutuwa ta fi gaban gaba. Turaren kasuwa ba ya kama ɗaki, baƙi kuma wuni za su riƙa yi. In taimaka da nawa, ko don Adda.

Na ce ko don Adda ba zan bayar ba.

Haka aka yi kwana uku ana zaman makoki a cikin warin kaji. Ruwan damina ya tayar da shi daga daɓe, omo ya kasa. Na je na zauna cikin mata ina kallo. Manyan mutane suna shigowa da manyan riguna, su zauna a kan darduma, hancinsu ya motsa, su kai hankici baki kamar masu share hawaye. Kowa ya ji warin, kowa ya san na mene ne, babu wanda ya tambaya. Alhaji Maikasuwa ya kawo buhun shinkafa. Malam Daudu ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya ce abin godiya shi ne baiwar Allah ba ta bar duniya ba sai da ta ga ɗakin kanta, ta kuma bar ɗa mai albarka. Aka shafa.

Allon yana nan a bakin titi har yau, in za ka Roni yana hannun dama. Rana ta ɗan cinye fentin, amma za ka gane ta, tana murmushi cikin atamfar da yanzu Sadiqa ke ɗaurawa zuwa unguwa. Washegarin addu'ar uku Rilwanu ya mayar da kajin tun da sassafe, domin hadari ya haɗo kuma kangon baya ba rufi.